Me ya sa muryar da nake naɗa a gida ba ta fita tas?

Mai fara aikin ɗora murya, ko tallar rediyo ce, ko karatun littafi, ko bayani a kan bidiyo, yakan zaci da ya sayi makirufo mai tsada shi ke nan, magana ta ƙare. Sai ya naɗa, ya sa kunne, ransa ya ɓaci. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu wannan sana'a.

Muryata tana fita kamar daga cikin rijiya. Laifin makirufo ne?

Da wuya. Ɗakin ne. Bangon siminti, tayil, silin da gilashin taga duk suna dawo da sauti, makirufo kuwa ba ya tantancewa: ya ɗauki muryarka, ya ɗauki amsa-kuwwarta. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya ja wata ƙara a bayansa, to ka gano ɓarawon.

Maganin yana cikin gidanka. Jingina katifa a bango, shimfiɗa darduma mai kauri, saki labule, rataya bargo. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne inda katifar za ta tsaya. A bayanka ya fi dacewa, domin galibin makirufon murya gabansa yake ji, kuma gabansa kai ne da bangon da ka ba wa baya. Wasu har durowar rataye kaya suke buɗewa su fuskanci tufafin su yi karatu. Ganinsa da ban dariya, amma yana aiki.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa, a ganina ɓata lokaci ne. Ba shi da kaurin da zai shanye sauti. Shi ma soson nan na sutudiyo amsa-kuwwa kaɗai yake ragewa, ba ya hana ƙarar A Daidaita Sahu ko injin markaɗen maƙwabta shigowa. Wannan sai dai ka zaɓi lokaci: bayan sawu ya ɗauke da dare, kafin zakaru su fara cara.

Akwai wani ƙugi ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa. Daga ina yake?

Yawanci daga wutar lantarki. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, kuma wannan kaɗawar ce ke kutsawa cikin naɗin. Fara da gwaji mafi sauƙi: zare cajar kwamfutar ka naɗa da batir. In ƙugin ya ɓace, ka huta. In bai ɓace ba, raba wayar makirufo da wayoyin wuta, kada su kwanta tare, sannan ka jona dukkan kayan aikin a soket ɗaya. Janareto da inbata mai araha sukan ƙara dagula lamarin.

In ya riga ya shiga naɗin, manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, tana iya datse 50 Hz da 'yan uwanta 100 da 150. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe: mutum ya kalli darasin wani Ba'amurke yana cewa a datse 60, ya bi, ƙugin yana nan daram. Wutar Amurka ce 60.

Idan kuma "dit-dit-dit" kake ji jefi-jefi, wayarka ce ke neman sabis kusa da kayan. Kashe ta ko ka kai ta wani ɗaki.

To "shhhh" ɗin da ke bayan murya fa?

Dalilinsa shi ne ka yi nisa da makirufo, sai ka ƙure ƙarfin ɗaukarsa don muryar ta fito, shi kuma ya ɗago duk wata ƙura tare da ita. Matso, tazarar taƙi ɗaya ta isa, ka rage ƙarfin. Sai fanka. Na san kashe fanka a watan Afrilu ba ƙaramin hukunci ba ne, amma babu makawa: naɗa minti biyar, kunna ta ka sha iska, sake kashewa.

Kullum ka bar daƙiƙa goma na shiru a farkon naɗi. Da shi manhajar rage hayaniya za ta gane abin da za ta cire. Kada dai ka cika mata hannu, in ba haka ba muryar ta koma kamar ta mai magana a ƙarƙashin ruwa.

Da na ɗaga murya sai ta fashe.

Muryarka ce ta wuce 0 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar naɗi, iyakar da na'ura ke iya ɗauka, kuma abin da ya fashe ba ya gyaruwa yadda yake. Karanta jimlar da ta fi ƙarfi tun kafin ka fara, ka daidaita ma'auni ya tsaya tsakanin -12 da -6.

Wasu haruffa suna bugun makirufo kamar ganga.

Iskar baki ce, musamman a kan b da t da f, balle ga wanda f ɗinsa ke fita kamar p. Ragar tare iska tana maganinta. In babu, saƙala siririyar safa a zoben waya ka sa tsakaninka da makirufon. Ko ka ɗan karkatar da shi gefen baki, iskar ta wuce ta gefensa.

Akwai kuma ƙas-ƙas ɗin busasshen baki, wanda ya fi yawa da hunturu ko da azumi. Ruwa ne maganinsa. In ka sa manhaja ta goge shi, koma ka saurari ƙ da ts da kyau. Fitarsu tana da kaifi, manhajar na iya ɗaukarsu datti ta aske su, sai "ƙafa" ta kusa komawa "kafa".

A kwamfutata lafiya lau, amma mai aikin ya ce sautin bai yi ba.

Yaya ka tura masa? Saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi. Fitar da aikin a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, ka tura shi a matsayin fayil. A inda manhaja ta rubuta "sample rate" zaɓi 48,000 Hz in na bidiyo ne, 44,100 in na saurare ne zalla. Duba kuma ko makirufon da ka saya ne ya ɗauki muryar. Sau da yawa manhaja takan koma kan na jikin kwamfuta ko na abin kunne mai Bluetooth, mutum bai sani ba.

Masu ba da aiki na waje suna da ma'auninsu. ACX, dandalin littattafan saurare na Audible, yana son matsakaicin ƙarfin murya tsakanin -23 da -18 dB, ƙololuwa kada ta haura -3, hayaniyar ɗaki kuma kada ta wuce -60. Tambayi mai aikinka nasa ma'aunin tun kafin ka buɗe baki.

Duk na yi wannan. Yanzu in sayi sabon makirufo?

Yanzu kam ka iya. Amma kada kyan hoto ya ja ka zuwa irin kwandensa da ake gani a sutudiyo. Yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga na'urar da aka jona shi, kuma kunnensa ya cika kaifi, har kukan akuya a zaure sai ya kwaso. A gidan da ke da yara da maƙwabta, irin dainamik da mawaƙa ke riƙewa a hannu, kamar Shure SM58, ya fi rufa asiri, don da baki a kusa ake amfani da shi, muryarka ta danne ta kowa. In da hali, ari na wani ka gwada a ɗakinka na kwana biyu kafin ka fitar da kuɗi.