Ɗan Kasuwa da Kujerar Majalisar Jiha: Sau Nawa Doka Ta Yarda Ya Nema?

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kunno kai a Kano, akwai fuskokin da sai ka gan su a jikin fosta, daga bangon Kantin Kwari har gadar Ƙofar Nassarawa. Wani attajiri ne mai shaguna, ya nemi kujerar majalisar dokokin jiha a 2015 bai samu ba, ya koma a 2019, ya sake fitowa a 2023. Sai ka ji masu shayi suna cewa, "Wai shi Alhaji ba a hana shi ne? Ai ya kamata a ce sau biyu ya ishe shi."

Babu dokar da ta hana shi. Iyakar wa'adi biyu da mutane ke ji, gwamna ta shafa da shugaban ƙasa, kuma ko su ɗin, abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa aka zaɓe su, faɗuwa ba ta shiga lissafi. Ɗan majalisa kuwa zai iya nema sau goma, zai iya ci sau biyar a jere. Majalisar Kano kujeru 40 gare ta, wanda shi ne adadi mafi yawa da tsarin mulki ya yarda wata jiha ta samu, kuma kowace kujera shekara huɗu ce.

Sharuɗɗan shiga suna cikin sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999. Mutum ya zama ɗan Najeriya, ya cika shekara 25 (da can 30 ce, aka rage a 2018), ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, sannan jam'iyya ta tsayar da shi. Wannan na ƙarshen yana nufin komai kaurin aljihunka ba za ka tsaya da ƙafarka kai kaɗai ba, sai ka bi ta zaɓen fid da gwani.

Maganar karatun tana damun 'yan kasuwarmu da yawa da suka tashi a gaban shago tun suna yara. Abin da ba su cika sani ba shi ne sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anar "makamancinsa". Wanda ke da takardar firamare, ya yi aiki aƙalla shekara 10 a gwamnati ko a wurin masu zaman kansu, ya halarci kwasa-kwasai da suka kai shekara guda, kuma yana iya karatu da rubutu da Turanci yadda hukumar zaɓe za ta gamsu, shi ma ƙofa a buɗe take. Don haka ina roƙon duk mai wannan buri, kada ya yarda wani ya haɗa masa takardar bogi. Gabatar wa INEC takardar jabu na cikin abubuwan da sashe na 107 ya ce suna soke cancanta, kuma abokin hamayya ba zai yi barci a kanta ba.

A wannan sashen ne kuma ake samun abin da ya fi kusa da mai yawan takara. Wanda kotu ta ayyana a matsayin mai karayar arziki, matuƙar ba a sauke masa wannan hukunci ba, ba zai tsaya ba. A lura, bashi kawai ba ya hana takara, sai kotu ta yi hukunci. Amma mun sha ganin yadda abin ke tafiya: karon farko a ci ribar shago, karo na biyu a taɓa jari, karo na uku a karɓi kayan masu kamfani a sayar a zuba kuɗin a kamfe. Idan maganar ta kai ga an same shi da laifin rashin gaskiya an yanke masa hukunci, shekara 10 zai yi ba ya cikin lissafi.

Kuɗin kamfen ma yana da iyaka. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Ana yawan gyara dokar zaɓe, saboda haka wanda ya saba fitowa kada ya dogara da adadin da ya sani a karon baya, ya sa lauyansa ya duba wadda ke aiki a lokacin. Haka kuma dokar kamfanoni ta hana kamfani mai rajista ba jam'iyya gudummawa daga dukiyarsa, ko da kuwa kai ne mai kamfanin.

Idan ɗan takara ya faɗi zaɓe yana ganin an zalunce shi, kwana 21 gare shi daga ranar da aka bayyana sakamako ya shigar da ƙara. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe za ta yanke cikin kwana 180, kuma shari'ar kujerar majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Rikicin fid da gwani ya fi wannan gaggawa, kwana 14 ne kacal.

Abin da na fi so 'yan kasuwa su ji shi ne wanda ke jiran su ranar da Allah ya ba su nasara. Kafin ya zauna a kujerar dole ya bayyana kadarorinsa da basussukansa. Ka'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta hana ɗan majalisa riƙe asusun banki a ƙasar waje, wanda ga mai shigo da atamfa da shadda daga China ko Dubai ba ƙaramar magana ba ce. Ta kuma hana mai riƙe da muƙamin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Hannun jarinsa na nan, ba wanda zai ƙwace, amma zaman kan kujerar shago da sa hannu a cinikin yau da kullum sai ya miƙa wa wani.

Kuma idan ya kasance cikin masu sauya jam'iyya duk zaɓe don neman tikiti, kafin ya ci wannan ba laifi ba ne, muddin bai bari jam'iyyu biyu sun tsayar da shi lokaci guda ba. Bayan ya ci, sashe na 109 ya ce sauya sheƙa na raba shi da kujerar, sai dai idan jam'iyyar da ta kawo shi ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata.