Waiwaye: Kaki, kasuwa da kujerar ciyaman a tarihin 'yan takarar Katsina

Duk fastar da aka manna a Ƙofar Soro ko bakin kasuwar Daura lokacin zaɓe, da wuya ka rasa ɗaya daga abu uku a ƙasan sunan mai ita: hafsan soja mai ritaya, ɗan kasuwa, ko tsohon ciyaman. Kowannensu da mafarinsa a jihar nan.

Na kaki ya fi tsawon tarihi. Tun kafin a yanke Jihar Katsina daga Kaduna ran 23 ga Satumba 1987, Hassan Usman Katsina ya riƙe Jihar Arewa a 1966, amma naɗi ne, babu akwatin zaɓe. Wanda ya nuna yadda ake tuɓe kaki a shiga siyasa shi ne Shehu Musa 'Yar'aduwa. Ya bar soja a 1979 yana Manjo Janar, ya shiga noma da banki da sufurin jiragen ruwa, kuma da wannan dukiya ya gina jama'arsa tun daga mazaɓa har ya zo kan gaba a zaɓen fid da gwanin takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar SDP a 1992, wanda Babangida ya soke. Ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Muhammadu Buhari ya bi ta wata hanya: bai zo da kamfani ba, jarinsa suna ne, daga mulkinsa na 1983 zuwa 1985 da kuma ayyukan asusun rarar kuɗin man fetur na PTF da ya shugabanta. Sai da ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya ci a 2015.

A kan Buhari ne mutane suka gane cewa muƙamin soja ba ya rufe maganar takardu. Tsarin mulkin 1999 ya nemi ilimin sakandare ko makamancinsa. Gabanin zaɓen 2015 ya yi rantsuwa cewa takardunsa na hannun hukumar soja, sojoji suka ce asalin shahadar ba ta cikin fayil ɗinsa, sai makarantarsa ta Katsina ta fito da sakamakonsa na 1961. Rigimar ta dawo a 2019, ba ta mutu ba sai da Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Atiku a watan Oktoba. Ga soja mai neman takara, abin dubawa shi ne yadda ya bar aiki, ritaya ce ko kora, da kuma ranar da ya bari, domin duk ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Kalmar "ɗan kasuwa" kuwa ita ce ta fi saurin haɗiye ƙarya. Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin kimiyya ne da ya riƙe Sambo Farms a Funtuwa kafin ya yi takarar gwamna a 1991, Sa'idu Barda ya kayar da shi. Nasa aikin an san inda yake. Na wasu, kamfanin jakar hannu ne da ba ya da ciniki sai kwangilar gwamnati. Ana iya neman sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a ga ranar rajista, a ga ko yana raye. Wanda kotu ta ayyana ya karye kuma bai wanke kansa ba, bai cancanci takara ba. In ya ci zaɓe, doka ta hana shi tafiyar da kasuwanci da kansa, in ban da noma, kuma sai ya bayyana kadarorinsa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata.

Saura ƙaramar hukuma, wadda tsarinta na yanzu ya faro daga gyaran 1976. Katsina na da 34. Dikko Raɗɗa ya yi ciyaman na Charanchi tun kafin ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙananan masana'antu ta SMEDAN ya kuma hau kujerar gwamna a 2023. Wannan shi ne tarihin da ya fi sauƙin tantancewa, don rijiyar burtsatse da ajin firamare ba sa ɓoyuwa. Sai dai a yi adalci: kuɗin ƙananan hukumomi sun daɗe suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kai ran 11 ga Yuli 2024. Kuma a tambaya ko zaɓaɓɓe ne ko kantoma.

Duk wannan yana ƙarewa ne a fom ɗin EC9 da ɗan takara ke cike bayanansa ya miƙa wa INEC, wanda a da ake kira CF001. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa INEC ta liƙa bayanan ɗan takara a mazaɓarsa cikin kwana 7 da karɓa, amma ta taƙaita ikon kai ƙara kan bayanan ƙarya ga wanda suka kara da shi a zaɓen fid da gwani, kuma kwana 14 kacal tsarin mulki ya ba shi. Nan ake yawan yin sakaci, musamman in sunan da ke shahadar firamare ya saɓa da na sakandare. Irin wannan saɓanin suna a takardun mataimaki ne ya sa Kotun Ƙoli ta cire zaɓaɓɓen gwamnan Bayelsa, David Lyon, a Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da shi.