Zinki ba ƙwayar tsayar da zawo ba ne

Damina na sauka a Sakkwato, zawon yara ya ƙaru, sai ka ji "zinki" a bakin kowa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu shiri a rediyo ke kiran shi bitamin, wasu kuma su ce ƙwayar tsayar da zawo ce. Duka biyun kuskure ne, na biyun kuwa yara ke ɗanɗana kuɗarsa.

Zinki ma'adini ne, shi ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Wanda ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, amma enzayim sama da 300, wato sinadaran da ke hanzarta ayyukan jiki, ba sa aiki sai da shi. Jiki kuma ba shi da rumbun ajiye shi, kullum sai an ci.

To ba duk wanda aka ci ke shiga jini ba. A bangon ƙaramin hanji akwai ƙofa mai suna ZIP4 da ke shigar da zinki, wata kuma, ZnT1, ta miƙa shi ga jini. Nan hatsinmu ke kawo cikas. Gero da dawa na ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke damƙe zinkin tun bai kai ƙofar ba, su fice tare. Cikin ƙwayar hatsin akwai enzayim mai kwance wannan damƙar, sai dai ba ya farkawa sai an jiƙa hatsin, ko ya tsira, ko ƙullu ya kwana ya yi tsami. Kakata ba ta taɓa jin sunansa ba, amma ba ta dama koko da sabuwar gasara. Sai ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Da saura, a bar ta ta kwana." Shi ya sa kunun gaggawa na yanzu bai kwanta mini ba.

Zawo na kwashe zinki, ya kuma ƙwarzane bangon hanji. A shekarar 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a ba yaro mai zawo zinki miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, tare da ruwan gishiri da sukari. Jaririn da bai kai wata 6 ba, rabin haka.

Maƙwabciyata ta daina ba ɗanta a rana ta uku, wai ya warke. Na ce, "Yaya, zawon ne ya tsaya, hanjin bai gama warkewa ba." Ta kwance bakin zaninta, ga sauran ƙwayoyi 7, ta ajiye su wai don wani karon.