Ba faɗowa ƙasa ce ta ƙona cikin dutsen sama ba

An daɗe ana ɗauka cewa baƙaƙen jijiyoyi da narkakkun wuraren da ake gani a cikin duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, zafin ratsa iska ne ko buguwa da ƙasa ya haifar da su. Ba haka ba ne. Zafin iska fatar waje kaɗai yake narkarwa, kaurinta kamar milimita ɗaya, cikin kuwa da sanyinsa yake isowa.

Raunin tsohon tabo ne, daga karon da manyan duwatsu suka yi da juna a sararin samaniya miliyoyin shekaru da suka wuce. Tun 1991 masana ke jera tsananinsa mataki-mataki, daga S1, dutsen da kusan bai ji komai ba, zuwa S6, wanda ya fi shan bugu. Idan karon ya yi tsanani, ma'adinin filajiyokilas kan rikiɗe ya zama gilashi ba tare da ya narke ba, abin mamaki, siffarsa tana nan daram. Ma'adinin olibin kuma kan matse ya koma wani ma'adini mai suna ringwudayit, wanda aka fara ganowa a 1969 cikin dutsen Tenham da ya faɗo a Ostireliya a 1879.