Sashe na J: Ƙa'idar da Ta Sa Ake Ƙirga Muryar Mata a Labarai

A 1995, ƙasashe 189, har da Najeriya, suka amince da Ƙudurin Beijin a taron mata na duniya karo na huɗu. Sashe na J na ƙudurin ya ɗora wa gwamnatoci da kafafen yaɗa labarai nauyi biyu: a ba mata damar faɗin albarkacin bakinsu da riƙe muƙaman yanke shawara a gidajen jarida, kuma a daina nuna su da fuska ɗaya tak, ta mai kuka ko mai jiran taimako.

Wannan sashe alkawari ne, babu tara ko ɗauri a cikinsa. Ko yarjejeniyar CEDAW, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da nuna wa mata bambanci, da Najeriya ta tabbatar a 1985 ba ta zama dokar cikin gida ba, domin sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce sai Majalisar Tarayya ta mayar da yarjejeniya doka. Abin da ya rage a hannu shi ne sashe na 42, wanda ya hana nuna bambancin jinsi, sai kuma ƙirge, wato a ƙirga yawan matan da ke fitowa a labarai.

Ƙirgen kuwa shirin GMMP mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai na duniya ne ke yin sa, ƙarƙashin WACC, ƙungiyar sadarwa ta Kiristoci ta duniya, duk bayan shekara biyar. Ana zaɓar rana guda, masu sa kai su bi manyan labaran jaridu, rediyo, talabijin da intanet. A 1995, cikin ƙasashe 71, mata kashi 17 ne cikin ɗari na waɗanda aka ji ko aka yi maganarsu. A 2020, cikin ƙasashe 116, sun kai kashi 25. Maki takwas ke nan a shekara 25, tafiyar hawainiya.

Kowane ɗakin labarai a Kano zai iya yi wa kansa. A ɗauki labaran yamma, a rubuta kowane mutum da aka ambata: mace ko namiji, sana'arsa, da matsayin da ya fito, ko shi ake magana a kai, ko kakaki ne, ko masani, ko ganau. A duba ko an ji muryarsa, da ko an jingina shi da iyali. Nan ne aibin ke fitowa fili. Rahoto kan mutuwar mata wurin haihuwa, sai ka ji jami'i namiji da likita namiji sun cinye minti biyu, ungozomar da ta kwana a ɗakin haihuwa ba a neme ta ba, mai jegon kuma an kira ta “matar wane”. Alhali Asibitin Murtala da Jami'ar Bayero cike suke da mata masana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa mai karanta labarai da waɗanda ke cikin labarin. Gurbinta daban ne. Ko da mace ce ta karanta duka, ba a ji ra'ayin mace ba. Akwai kuma tarkon da Hausa ke ɗanawa: “majiya ta ce”, “rundunar 'yan sanda ta ce”. Wannan “ta” ɗin na nahawu ne, idan ba a san wanda ya yi maganar ba, a rubuta ba a sani ba. Rana guda ma tana iya ruɗarwa, kamar yadda korona ta mamaye labaran 2020, don haka gidan da ke son gaskiyar lamarinsa ya ƙirga na mako guda cur, har da Juma'a da Lahadi.