Wa ke bijire wa magani, jiki ko ƙwayar cuta?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo ba ka ji ana zancen "bijire wa magani" ba, abin da likitoci ke taƙaitawa da AMR. Abin da ke damuna shi ne bayanin da ake biyo shi da shi, wai jikin mutum ne ya saba da magani har ya daina yi masa aiki. Jiki ba ya bijirewa, ƙwayar cutar da ake kira bakteriya ce ke bijirewa. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa shan komai ba, yana iya kamuwa da wadda ta riga ta fi ƙarfin magani.

In aka ce jiki ne, laifi ya tsaya kan majinyacin da bai ƙarasa shan maganinsa ba. In aka ce bakteriya ce, dole a tambayi inda ta samo wannan taurin kai, kuma sau da yawa a cikin ruwan datti ne.

A 2007 masu bincike daga Suwidin suka auna ruwan da ke fitowa daga wata matatar ruwan datti a Patancheru, kusa da Haidarabad a Indiya, wadda masana'antun magani kusan 90 ke tura mata ruwansu. Sun samu siprofuloksasin, wani maganin kashe bakteriya, har miligiram 31 a kowace lita, fiye da abin da ke cikin jinin majinyacin da ke shan sa. Ruwan da aka ce an tace ke nan! A irin wannan ruwa raunanan bakteriya na mutuwa, masu juriya su samu fili su hayayyafa, sannan su miƙa wannan juriyar ga wasu, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Daga nan sai kogi, sai gona, sai hanjin mutum.

Asibiti ma haka ne, domin wani kaso na maganin yana fita da ƙarfinsa ta fitsari da bayan gida. Sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa na kashe bakteriya, amma ba a dogara da shi wajen kawar da ragowar magani, sai an haɗa da iskar ozon ko tataccen gawayi. Shara mai ɗauke da cuta tana buƙatar tukunyar tururi, digiri 121 na minti 30. Maganin da wa'adinsa ya ƙare kuwa ba a zuba shi a masai, ba a cinna masa wuta a rami. Tanda mai zafin da ya haura digiri 1,000 ake kai shi.

Bakteriya masu bijirewa sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, amma sai a Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan sharar masana'antun maganin kashe bakteriya. Su ma shawara ce, ba tilas ba. Dokar da za ta yi aiki sai ta faɗi iyakar maganin da aka yarda ya fita a bakin bututu, ta kuma ɗora aikin awon a kan wanda ba masana'antar ke biyan sa albashi ba.