Roundcube na tafiyar hawainiya: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Amsoshin nan na wanda ya ɗora Roundcube, manhajar karanta imel ta burauza, ne a kan nginx (sabar yanar gizo) da PHP-FPM (mai tafiyar da PHP), da Dovecot (sabar akwatunan wasiƙu) da MariaDB (ma'ajiyar bayanai) a bayansa. Mai amfani da Apache ma zai samu abin ɗauka.

Na ƙara RAM amma babu abin da ya canza. Me ya sa?

Saboda ka sayi magani ba ka san ciwon ba. Buɗe www.conf na PHP-FPM, ka sa request_slowlog_timeout = 3s, ka nuna wa slowlog fayil ɗin da zai riƙa rubutawa. Bayan awa ɗaya ka karanta. Mafi yawan lokuta za ka tarar PHP na zaune ne yana jiran amsa daga IMAP, wato hanyar da Roundcube ke ɗauko wasiƙu daga Dovecot, kuma RAM ba ta warware wannan.

In kunna OPcache?

Ƙwarai. OPcache na riƙe lambar PHP da aka riga aka sarrafa a cikin RAM. Tun PHP 5.5 yake zuwa tare da shi, kuma 128M ɗin da aka ba shi ya ishi Roundcube. Ka duba ta phpinfo cewa yana aiki a FPM, kada ka dogara da abin da layin umarni ya nuna maka, don php.ini ɗinsu daban ne. Ka goge shafin phpinfo ɗin da zarar ka gama.

Fayil ɗin da mutane ke liƙawa a wasiƙa ba ya tafiya.

Wannan ba matsalar sauri ba ce, amma tun da kullum sai an tambaya: ƙofofi huɗu ne. nginx na tsayawa a 1m ta client_max_body_size, shi ke ba da kuskuren 413. PHP na da upload_max_filesize na 2M da post_max_size na 8M. Postfix, mai aika wasiƙu, kuma message_size_limit ɗinsa bayit 10240000 ne. Ka tuna base64, tsarin da ake mayar da fayil rubutu don ya shiga wasiƙa, na kumbura fayil da kusan kashi ɗaya bisa uku, don haka in kana son fayil mai 20M ya wuce, ka ba Postfix aƙalla 28M.

Nawa zan sa a pm.max_children?

Wannan shi ne iyakar yawan ma'aikatan PHP, wato ayyukan da ke amsa buƙatun masu amfani a lokaci ɗaya. A nan ne ba zan iya ba ka lamba ɗaya ba, kuma duk wanda ya ba ka bai ga sabarka ba. A Debian da Ubuntu 5 ake samu tun farko, abin da ya yi kaɗan ga ofis mai ma'aikata da dama. Alamar ita ce layin da ke cewa an kai iyakar pm.max_children a log ɗin FPM, su kuma masu amfani su ga shafi ya tsaya cak har ya ƙare da 504, domin nginx daƙiƙa 60 yake jira.

Lissafin farko mai sauƙi ne. A ce sabar tana da 4G. Ka ware wa MariaDB 1G, Dovecot da Postfix da mai tace wasiƙun banza 700M, shi kansa tsarin 300M. Saura 2G. In kowane ma'aikacin PHP na cin 50M, ka samu 40. Amma 50M ɗin nan misali ne kawai. Ka auna naka da ps da ƙarfe tara na safiyar Litinin, lokacin da kowa ya buɗe akwatinsa, ba da tsakar dare ba. Sannan adadin da ps ke nunawa ya haɗa da ƙwaƙwalwar da ma'aikatan ke tarayya a kanta, don haka yakan ɗara gaskiya kaɗan. A ɗaya ɓangaren, mutum ɗaya ya buɗe wasiƙa mai ɗauke da manyan hotuna, ma'aikacin da ke masa hidima na iya hawa har kusa da memory_limit, wato 128M. In ClamAV, mai binciken ƙwayoyin cuta a wasiƙu, na kan wannan injin, sake lissafin gaba ɗaya, don shi kaɗai yakan haɗiye fiye da 1G.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsalle daga 5 zuwa 200. Idan faifai ne ke da nauyi, ƙarin ma'aikata na nufin ƙarin masu layi a ƙofa ɗaya, daga nan RAM ta ƙare, injin ya koma swap, wato amfani da faifai a madadin RAM, komai ya durƙushe har da karɓar wasiƙu. Don Allah ka hau a hankali: 20, ka duba vmstat, in ginshiƙan si da so suna kan sifili ka ƙara goma. Ka sa pm.max_requests = 500 don a riƙa sabunta ma'aikatan. In ka ƙara sau biyu jiran bai ragu ba, tsaya, matsalar tana wani wajen.

Log ɗin Dovecot cike yake da shiga da fita. An yi mini kutse ne?

Kwantar da hankalinka. In daga adireshin sabar Roundcube suke, haka yake aiki: kusan kowane dannawa sai ya buɗe sabuwar hanya zuwa IMAP, ya shiga, ya fita. A Dovecot 2.3 ka sa service_count = 0 a ƙarƙashin service imap-login, da process_min_avail daidai da yawan kwas (cores) na CPU ɗin injinka, don kada a riƙa tayar da sabon aiki a kowace shiga. A 2.4 an canza sunaye da yawa, kada ka kwafa ido rufe. In IMAP na wani inji daban, imapproxy zai riƙe hanyoyin a buɗe.

In kunna messages_cache?

messages_cache na ajiye kwafin bayanan wasiƙu a MariaDB. In Dovecot na kan inji ɗaya da Roundcube, bar shi a kashe. Dovecot na da fihirisarsa, kai kuma za ka ɗora wa MariaDB kayan da ba nata ba.

Bincike cikin jikin wasiƙu na ɗaukar minti guda.

Ba laifin Roundcube ba ne. In babu fihirisar cikakken rubutu, Dovecot sai ya buɗe wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Saka fts, wato wannan fihirisar, da Solr ko Flatcurve, sannan ka gina fihirisar da doveadm index cikin dare. Kada ka bari mai akwati mai wasiƙa 80,000 ya zama shi zai tayar da ginin da tsakar rana.

Zan iya rage refresh_interval don wasiƙa ta riƙa shigowa nan take?

Kada ka yi. Daƙiƙa 60 ne tun asali, kuma kowane shafi da ke buɗe buƙata ɗaya yake aikowa a wannan tazara. Mutum 300 na nufin buƙata 5 a kowace daƙiƙa ko da babu wanda ya taɓa komai. Ka mayar da shi 15, sun zama 20. In sabar na shan wuya, ɗaga shi zuwa 120, ka sa min_refresh_interval daidai da shi don kada masu amfani su rage da kansu.